Ranar da goran Yaya Hanne ya rage juyi

Bana gero ya yi kyau a wajenmu. Da idona na gani, domin a tsakiyar marka na hau bayan babur daga Birnin Gwari zuwa ƙauyenmu da ke gefen Randagi, hanyar da na yi shekaru ban bi ba saboda halin da dajin ya shiga. Taɓo ya ɓata mini zane har gwiwa, ban damu ba. Gonakin da suka koma saura an sake nome su, mutane na sunkuye a ciki ba sa waige-waige, ni kuwa ina ta hamdala a zuci kamar ni na shuka.

Mun kusa gari sai na ji wani sauti daga cikin gero, yana hawa yana sauka, wuu-wii, wuu-wii. Na ce wa mai babur ya tsaya. Jikokin Yaya Hanne ne, yayata, suke korar tsuntsaye da gorar roba da aka huda aka ɗaura wa igiya. A zamaninmu ɗan goran duma ne, amma muryar ba ta canza ba. Na tsaya a bakin hanya da jakata a hannu, mace mai furfura, ina saurare.

In aka tambaye ni aikina a gidan biki nakan ce koyarwa, don a bar ni in ci shinkafata. Gaskiyar ta fi haka tsawo. Iskar nan da muke shaƙa cike take da ƙananan ƙwayoyi da muke ce wa molekul, ido ba ya ganinsu. A ɗakin gwajin da nake zuwa aiki a ƙasar waje in jami'a ta ba ni hutu, muna tara iska a cikin bututu, mu harba mata hasken leza mai ƙarfin gaske wanda aka murɗa kamar tufkar igiya. Haske in ya yi ƙarfi haka ba ya wucewa salin-alin kamar na fitila. Kama ƙwayoyin yake yi ya juya su, su yi ta wulwulawa kamar mazari. Sai mu aika haske na biyu, marar ƙarfi, shi ma murɗaɗɗe, ya ratsa ta cikinsu. Kowane haske yana da yawan kaɗawarsa, ita ce ma launinsa. In wannan na biyun ya fito, kaɗawarsa ta canza: in murɗinsa ya bi hannun da ƙwayoyin ke juyawa sai ta ragu, ya karkata wajen ja, in ya saɓa musu sai ta ƙaru, ya karkata wajen shuɗi. Gwargwadon saurin juyin, gwargwadon nisan da ya gusa. Da haka muke sanin saurin abin da ba mu taɓa gani ba.

Ƙwayoyin kuma suna gajiya. Suna karo da juna, juyin na raguwa, sai a ga layin da ke nuna launin hasken a fuskar kwamfuta yana rarrafowa baya har ya koma inda ya tashi. Abokan aikina wannan wurin suka fi so, nan suke tsayawa da kofin shayi suna gardama. Ni kuwa duk ranar da na ga layin ya fara komowa, sai in ji yunwa ta kama ni, ko da yanzu na tashi daga kan abinci. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Dalilin ya kusa shekara hamsin. Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, ruwa ya yi mana yaudara. Ya sauko da wuri, kowa ya fita da sungumi, shuka ta fito gwanin kyau, sai sama ta bushe kamar an share ta. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta kaɗa ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki, mu fito da tukwane, sai ya watse. Shuka ta kwanta ta ƙone. Aka sake shukawa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai a karo na uku ruwan ya zauna, lokacin rumbunmu ya kai inda in ka yi magana a ciki muryarka ke dawo maka.

Abin da muka ci a watannin nan ba na son lissafa shi, amma bakina ya riƙe. Tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba a ci da gishiri. Garin ɗorawa da ake damawa da ruwa, ya cika ciki na ɗan lokaci ya bar ki da ƙwarnafi. Ɗinya da kaɗanya daga bakin daji, mu da birai muna rige-rige. Dusar da a da akuya ke yi wa kallon raini, Inna ta riƙa tankaɗe ta tana yin fate. Baba ya tafi ƙwadago can wajen wasu Fulani da suka zauna suna noma, ana biyansa da hatsi, yakan dawo bayan kwanaki da ɗan ƙunshi a kafaɗa, ya kwana ya koma.

A madafi, saman murhu inda hayaƙi ke bugawa don kada ƙwari su ci, akwai 'yan zangarniyoyin gero a rataye da igiya. Ragowar iri ke nan. Geron kakanmu ne, mai saurin nuna, babu mai irinsa a ƙauyen sai mu. Kafin Baba ya tafi ya tsaya a ƙofar madafin ya nuna su da haɓa.

"Ko me za a yi, kada a taɓa wannan. In na gona ya lalace, shi ne mu baɗi."

Inna ta ce, "An ji, Malam."

Mun sha zama a madafin nan cikinmu na kuka, muna kallon zangarniyoyin suna lilo a cikin hayaƙi. Ba wanda ya taɓa miƙa hannu. Mai cin iri ya ci shekara biyu a zama ɗaya, haka ake faɗa a gidanmu.

Da marka ta kama sai ta zo da fushi, kamar tana ramuwa. Ruwa kwana da kwanaki, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci. Itace ya jiƙe, wuta sai hayaƙi, tabarma na warin danshi, katangar bayan gida ta zauna. In ya ɗauke kuma rana ta buɗe da wani zafi mai tururi da ke sa kaya su manne a jiki. A cikin wannan ne Yaya Hanne ta kwanta zazzaɓi. Ta tashi, amma ta tashi da wuya kamar na kaza, zanenta na zagaye ta kusan sau biyu. Sai ga azumi. A gaskiya azumi bai zo mana da sabon abu ba, ya dai ba yunwarmu suna mai daraja. Yaya ta ce bana za ta yi shi cikakke, tunda ta kai. Duk wanda ya san Yaya Hanne ya san in ta kafe, gara ka je ka roƙi turmi ya matsa.

Ita ce 'yar farin Inna, kuma Inna mace ce mai kara ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "yayarki", in abin ya matsa ta ce "ke". Ba ta zama kusa da ita, ba ta yaba mata, in an kawo ƙararta ita ce ta farkon goyon bayan mai ƙara. Ni auta an goya ni har ƙafafuna na jan ƙasa, ita kuwa ko a zazzaɓin nan ni aka riƙa aikowa da magani. Don haka maganar azumin ma ta bakina ta bi.

"Lami, gaya wa yayarki Allah bai ɗora wa marar lafiya ba."

Yaya na zaune a wurin, tazarar tabarma ɗaya. Ta ce, "Lami, ce wa Inna na warke."

Na tsaya a tsakiya ina juya kai kamar ƙadangare. Maganar ta mutu a nan.

Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ido. Ranar da ya fara ido tsuntsayen nan jan-baki suka iso. Wanda bai ga jan-baki a shekarar yunwa ba bai san su ba. Daga dajin suke tasowa da sassafe kamar hayaƙin gobara, su sauka a gona, kafin ka ce kwabo zangarniya ta koma tsinke. Gonarmu na ƙetaren rafi a bakin dajin, ita suke fara tararwa. Baba ya kafa gado a kan turaku a tsakiyar gonar, ya ja igiyoyi da gwangwanaye, ya kuma yi mana 'yan goruna. Ƙaramin goran duma ne, a yanke masa baki a gefe, a ɗaura igiyar rama mai tsawo, ki tsaya a kan gadon ki yi ta wulwula shi saman kanki. In ya nufo mai saurare muryarsa ta yi sama, in ya ba shi baya ta yi ƙasa. Hannu in da ƙarfi, saman da ƙasan suna da nisa da juna kuma suna bin juna da sauri. Tsuntsayen sun tsane shi, wataƙila suna zaton shaho ne.

Kada wani ɗalibina ya karanta wannan ya rubuta mini a jarrabawa cewa gora da molekul abu ɗaya ne, zan kayar da shi ba tausayi. Na gora tafiya ce zuwa da komowa, na haske murɗi ne ke gamuwa da juyi. Amma dangi ne, kuma ni ta ƙofar goran na shiga gidan.

Kowane gora da muryarsa. Nawa siriri ne kamar kukan sauro, na Yaya mai kauri, kuma in iska ta biyo rafi ana jin sa har tsakar gidanmu. Tsarinmu shi ne mu fita tare da asuba, in rana ta take tsuntsaye sun ɗan lafa sai in dawo gida in taya Inna tsinkar ganye, Yaya ta zauna ita kaɗai har in koma da la'asar. A wannan zaman ne na lura da wani abu. Inna ta daina aiki a cikin ɗaki. Komai a tsakar gida take yi, ta gefen katangar da ta zauna, inda ya fi kallon rafi. Tana tsinkar rama sai hannunta ya tsaya, ta karkatar da kai, ta ɗan jima, sannan ta ci gaba. Ba ta iya tambayar 'yarta ya jiki, ba ta iya taɓa mata goshi a gaban mutane. Goran take tambaya.

"Jiya ya fi haka," ta ce wata rana, ba da ni take ba.

Na kasa kunne, ni dai wuu-wii nake ji. Washegari ta sake cewa haka. Da daddare ta ƙara wa kwanon Yaya fate daga nata, ta ba ni in miƙa, ta ce in ce ni na ƙoshi.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, rana ta buɗe da zafin nan mai tururi. Na dawo gida na tarar da Inna tsaye, ba ta tsinkar komai. A wannan karon har ni na ji. Muryar goran ba ta hawa can sama kamar da, ba ta sauka can ƙasa, ta taru a tsakiya tana jan jiki, wuu, sai a jima, wuu. Bai tsaya ba, yana dai tafiya kamar tsohon da ke hawan tudu. Inna ta saurara har na ƙosa. Sai ta juya ta shiga madafi, ta taka turmin da ke kife, ta kwance igiyar irin.

Na ce, "Inna, Baba fa ya ce..."

"Hura wuta."

Ban taɓa ganin an yi sussuka da surfe da daka da sauri irin na ranar ba. Ba ta rage ko zangarniya ɗaya ba, don duka-duka abin bai fi ya cika ƙwarya ƙarama ba. Itacen jiƙaƙƙe ne, ina hurawa hayaƙi na shiga idona, ina kuka, rabi na hayaƙi rabi na tsoron Baba. Ita kuwa tana daka tana saurare, taɓarya na sauka a tsakanin wuu da wuu. Ƙamshin gero ya tashi a gidan da ya yi watanni bai ji shi ba. Tana juye kunun a ƙwarya, goran ya yi shiru.

Inna ta fita ba mayafi. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai ta yafa zane, ta ratsa ƙauye da ƙwarya a hannu tana gudu, ni ina bin ta. Rafin ya kawo har cinya, ta ɗaga ƙwaryar sama ta shiga. Muna hawa gaɓa muka ga jan-baki sun rufe gonar, suna ci hankali kwance, gadon kuma ba kowa a kai. A nan ne ta buɗe baki.

"Hanne!"

Sau ɗaya. Tsuntsayen gonar gaba ɗaya suka tashi.

Mun same ta a ƙarƙashin gadon, a kwance a tsakanin kunyoyin gero, igiyar goran na naɗe a hannunta. Allah ya taimaka ƙasar ta jiƙe, ba ta karye ba. Inna ta zauna a taɓo ta ɗora kanta a cinya, ta shafa mata ruwan rafi, tana ta hura mata fuska. Da ƙyar ta buɗe ido. Da ta ga ƙwarya a bakinta sai ta kau da kai.

"Rana ba ta faɗi ba."

Inna ta ce, "Taki ta faɗi. Sha."

Ta sha. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronta na motsi. Da ta sha rabi Inna ta miƙo mini sauran ba tare da ta dube ni ba, ta kwance igiyar daga hannun Yaya, ta ɗaure zanenta tamau ta hau gadon. Har faɗuwar rana matar Malam ce ke wulwula gora a bakin daji, maƙwabta na leƙe ta cikin gero suna mamaki.

Baba ya dawo bayan kwana biyu. Ya ajiye ƙunshinsa, ya leƙa madafi, ya ga igiya na lilo ba komai. Ni na riga na ɓuya a bayan rumbu. Ya juya ya dubi ɗakin da Yaya ke barci, ƙafafunta sirara sun leƙo ta ƙofa. Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

Ya ce, "Iri ana aro."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki buta. Bai koma ƙwadagon ba, shi da Inna da ni muka riƙa karɓa-karɓa a kan gadon, yanzu da sanin cewa babu wani gero a bayan wannan. Jan-baki sun ci nasu, ba zan ce ba su ci ba, gefen daji duk sun gama da shi. Amma tsakiyar gonar ta tsira. Kafin sallah Baba ya karyo zangarniyoyin farko, aka gasa tumu a bakin murhu bayan an sha ruwa. Muna murzawa a tafin hannu muna hurewa, yana ƙona mu. Da aka yi girbi, kafin a kai ko dami ɗaya rumbu, ya zaɓi manyan kai ya ɗaure ya mayar saman murhu. Ba mu yi aron ba.

Geron da na gani bana a gonar Yaya jikan wancan ne. A shekarun da ba a iya zuwa gonar bakin daji, a bayan ɗaki ta riƙa shuka 'yan layuka don kada irin ya ɓace. Yanzu tana da jikoki cike da gida, ta yi jiki, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai yana nan. Inna da Baba sun daɗe da rasuwa. Da yamma ta sa aka gasa mini tumu, muka zauna a gindin katanga, gorar robar yaran na ta kuka daga ƙetaren rafi. Ta ce in gaya mata tsakani da Allah abin da nake yi a ƙasar Turawa, ban da ƙaryar koyarwa. Na gaya mata, da bututun da hasken da layin da ke komowa gida.

Ta tauna tumunta a gefen baki. "To su ƙwayoyin naki, in kin ga sun rage juyi, wa ke kai musu kunu?"

Na ce ba kowa, rubutawa kawai muke yi.

"Aikin banza," ta ce, muka yi dariya har na ƙware.

Da dariyar ta lafa sai ta shiga murza zangarniya a hannu. Ta ce mutanen gari sun sha gaya mata cewa ranar nan Inna ta kira sunanta, har masu gona a can nesa sun ji. Ita kaɗai ce ba ta ji ba, tana sume. Ta zauna da Inna shekaru masu yawa bayan haka, ita ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido, amma Inna ba ta ƙara kiran sunan ba.

"Ke kina bayanta, Lami. Yaya ta faɗe shi?"

Na ce ba zan iya ba. Ta ce in gwada. Na ajiye tumun, na miƙe tsaye, na fuskanci rafi, na cika ƙirjina kamar mai ƙwarya a hannu, na kira.

Can ƙetare gorar yaran ta yi shiru, suna zaton wani abu ya faru. Yaya ba ta ɗago ba. A hankali, irin yadda ake amsa wa uwa, ta ce, "Na'am."